Taura Biyu A Baki Ɗaya: Sabon Aikin Ofis Da Shirin Gudun Fanfalaki

Gabatarwa

Wata ranar Asabar a cikin watan Oktoba, wani tsohon ɗalibina ya yi mini sallama a gida. Yaro ne da ya yi karatun ilimin halittu a sashenmu, ya gama bautar ƙasa, ya shafe kusan shekara biyu yana neman aiki bai samu ba. A cikin wannan zaman jiran ne ya rungumi gudu, har ya sa sunansa cikin masu shiga gudun fanfalaki na birnin Legas, wanda aka fara a shekarar 2016, kuma galibi a watan Fabrairu ake yin sa. Yana tsakiyar shiri sai ga takardar ɗaukar aiki daga wani kamfani a Kano: aikin akawu na wucin gadi, wata shida, daga ƙarfe takwas na safe zuwa biyar na yamma. An kuma gaya musu tun ranar farko cewa kaɗan daga cikinsu za a tabbatar wa aiki idan wa'adin ya cika.

Mako biyu kacal da kama aiki al'amura suka rikice masa. Sau biyu shugabansa yana kama shi yana gyangyaɗi a gaban kwamfuta. Gudun da a da yake yi cikin nishaɗi ya koma masa kamar jan kaya, ga kuma wani ciwo da ya tsiro masa a ƙwauri. Ya ce mini, "Malam, ko dai in haƙura da gudun nan ne? Baba ya ce taura biyu ba ta taunuwa."

Tambayar tasa ta shafi duk wani ɗalibi da ke haɗa karatu da wasanni, da duk malamin da ke horar da 'yan tsere a makaranta. Amsarta kuwa tana cikin sanin yadda jikin ɗan Adam yake gina kansa, da kuma lokacin da yake yin wannan ginin.

Abin Da Gudu Ke Yi Wa Jiki

Tsawon gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195. Wannan ma'auni ya samo asali ne daga wasannin Olamfik na birnin Landan a 1908, aka kuma tabbatar da shi a matsayin ƙa'ida a 1921. Kafin mutum ya iya cinye wannan tazara da gudu, sai sassa da dama na jikinsa sun sake fasali.

Mu fara da zuciya. Babban mutum yana ɗauke da jini kimanin lita 5, kuma idan yana zaune zuciyarsa kan harba kusan wannan adadin a kowane minti ɗaya. Idan ya kama gudu sosai, abin da take harbawa kan kai lita 20 ko fiye, na manyan gwanaye kuwa har ya wuce lita 30. Zuciya tsoka ce, saboda haka atisaye yana ƙara mata ƙarfi da faɗin ciki, ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya. Shi ya sa zuciyar yawancin mutane ke bugawa sau 60 zuwa 100 a minti yayin hutu, amma ta ɗan gudun da ya horu takan sauko zuwa 50, wani lokaci ma 40.

Sai kuma tsokoki. A cikin kowace ƙwayar halitta ta tsoka akwai wasu 'yan ƙananan sassa da ake kira maitokondiriya, waɗanda za mu iya kamanta su da murhu, domin a cikinsu ne ake ƙona abinci da iskar oksijin a fitar da kuzari. A 1967 wani masani a Amurka mai suna John Holloszy ya sa ɓeraye gudu a kan na'ura tsawon makonni, sannan ya duba tsokokinsu, ya tarar sinadaran da ke aiki a waɗannan murahu sun kusa ninkawa biyu. Wato ke nan, tsokar da ta saba da gudu tana ƙara yawan murahunta. Haka kuma ƙananan hanyoyin jini suna ƙara yaɗuwa a cikinta domin su isar da iska da abinci.

Abin lura a nan shi ne, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan gine-gine da ke kammaluwa a lokacin da mutum yake kan hanya yana gudu. Gudun kansa ɓarna yake yi: yana cinye ajiyar abinci, yana tsotse ruwan jiki, yana kuma jawo 'yan ƙananan yagewa a zaruruwan tsoka. Sai bayan an tsaya, an ci, an sha, an yi barci, sannan jiki yake gyara abin da ya lalace, ya kuma ɗan ƙara a kai domin shirin gobe. Manomi ya san wannan ƙa'ida. Huɗa ba ta fitar da hatsi a ranar da aka yi ta, sai an ba ƙasa lokaci. Ɗan gudun da ya yi sa'a ɗaya a kan hanya yana da sauran sa'o'i 23 a rana, kuma a cikinsu ne za a san ko wahalar da ya sha za ta zama ƙarfi ko ta zama rauni. Ga tsohon ɗalibina, tara daga cikin waɗannan sa'o'i sun koma hannun ofis.

Sabon Aiki Ma Kaya Ne

Kuskuren farko da ya yi shi ne ɗaukar zaman ofis a matsayin hutu. A ganinsa tun da a kan kujera yake wuni, ƙafafunsa suna hutawa. Amma sabon ma'aikaci, musamman na wucin gadi, ba ya cikin natsuwa. Yana koyon sababbin ayyuka, yana haddace sunayen mutane da lambobin fayiloli, yana tsoron kuskure, ya kuma san ana auna shi da abokan aikinsa. A irin wannan hali wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke kan ƙoda suna ƙara zubo sinadaran adirinalin da kotizol a cikin jini. Waɗannan sinadarai su ne dai jiki ke fitarwa a lokacin gudu mai tsanani. Suna da amfani na ɗan lokaci, domin suna sa mutum ya farka ya himmatu, amma idan suka daɗe a sama sukan hana barci mai nauyi, su kuma jinkirta gyaran tsoka.

Ma'anar wannan ita ce, jiki ba ya buɗe asusu biyu, ɗaya na ofis ɗaya na filin gudu. Asusu ɗaya ne, kuma daga cikinsa ake cirar komai. Kafin ya sami aiki, yaron nan yakan yi gudu da safe, ya dawo ya karya, ya ɗan rintsa da hantsi. Da ya kama aiki sai barcin hantsin ya tafi, karin kumallon ya koma shayi a tsaye, ga fargabar sabon wuri, amma bai rage ko kilomita ɗaya daga abin da yake yi ba. Hasali ma ƙari ya yi, saboda yana ganin ranar tsere na matsowa.

Barci

Da na tambaye shi yawan barcinsa, sai muka lissafa ya kama sa'a biyar. Babban mutum na bukatar sa'a 7 zuwa 9, matasa 'yan sakandare kuwa 8 zuwa 10. A cikin barci mai nauyi na farkon dare ne jiki yake fitar da mafi yawan sinadarin girma, wanda ke taimakawa wajen gyaran tsoka da ƙashi. A cikin barci ne kuma ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya da rana. Don haka sa'o'in da ya yanke daga barcinsa sun cutar da shi ta fuska biyu: ƙafa ba ta warke ba, kan kuma bai riƙe aikin da aka koya masa jiya ba. Gyangyaɗin da yake yi a ofis da nauyin ƙafar da yake ji a hanya duk tushensu ɗaya.

Illar Doguwar Zama

A 1953 wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris ya wallafa sakamakon binciken da ya yi a kan dubban ma'aikatan motocin safa masu hawa biyu na birnin Landan. Direba yana wuni a zaune, kwandasta kuwa yana wuni yana hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Morris ya gano cewa ciwon zuciya ya fi kama direbobi a kan kwandastoci. Wannan bincike yana cikin na farko da suka nuna wa duniya haɗarin da ke cikin aikin zama.

Ga ɗan gudu akwai wata illa ta kusa. Jinin da ya gangara ƙafafu sai ya hau sama kafin ya koma zuciya, kuma tsokar sha-raɓa ce ke matsa jijiyoyin jini tana tura shi a duk takun da aka yi. Idan mutum ya daɗe a zaune wannan famfo yana tsayawa, ƙafa ta ɗan kumbura, tsokokin cinya da na ƙugu su sandare a lanƙwashe. Wanda ya yi gudun kilomita 12 da asuba, sannan ya dunƙule a kujera har azahar, zai miƙe yana ɗingishi. Maganin wannan ba shi da tsada. A miƙe tsaye bayan kowane rabin sa'a ko sa'a ɗaya, a taka na minti biyu ko uku. Na shawarce shi da ya riƙa kai takardu da kansa zuwa sauran ofisoshi maimakon jiran masinja, ya bi matakala, ya kuma yi amfani da fita alwala da salla wajen miƙe gaɓoɓinsa.

Abinci: Rumbun Da Ke Cikin Tsoka

Tuwo da shinkafa da doya da gurasa duk sitaci ne, wanda jiki ke narkarwa ya koma sukarin gulukos. Abin da ba a ƙona nan take ba ana ajiye shi a matsayin gilaikojin, kimanin giram 100 a hanta, da kimanin giram 400 a tsokoki. Jimillar wannan ajiya tana ba da kuzari wajen kalori 2,000. Shi kuwa gudu yana cin kusan kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyin mutum a kowace kilomita. Mai karatu na iya yin lissafin da kansa: mutum mai kilo 60 zai bukaci wajen kalori 2,500 kafin ya gama kilomita 42. Rumbun bai kai ba ke nan. Wannan ne dalilin da ya sa 'yan tsere da yawa sukan ji ƙarfinsu ya yanke kwatsam a wajejen kilomita 30. Dogon gudu a hankali yana koya wa tsoka ƙona kitse tare da sukari, domin rumbun ya daɗe bai ƙare ba.

A 1966 wasu masana biyu 'yan ƙasar Suwidin, Jonas Bergström da Eric Hultman, suka yi gwaji a kan jikinsu. Kowannensu ya tuƙa keke da ƙafa ɗaya har ta gaji tiɓis, ɗaya ƙafar tana hutawa. Suka ci abinci mai yawan sitaci na kwana uku, suna tsakuro ɗan naman tsoka da allura suna aunawa. Sai suka ga ƙafar da ta yi aiki ta tara gilaikojin fiye da wadda ta huta nesa ba kusa ba. Tsokar da aka yi wa aiki tana da ƙishirwar sukari, kuma ta fi karɓarsa a sa'o'in farko bayan atisaye. Wanda ya gama gudu ya ruga ofis da kofin shayi kaɗai ya bar wannan dama ta wuce shi, kuma kafin sha ɗaya na safe ƙwaƙwalwarsa, wadda da gulukos take aiki, za ta fara kokawa.

Ba sai an nemi abincin kanti mai tsada ba. Koko da ƙosai, ko ɗumamen tuwo, ko fura da nono, sun haɗa sitaci da furotin ɗin da ake bukata. Dabino da gyaɗa da ayaba suna shiga aljihun tebur. Wake, da hanta, da zogale, da alayyafo suna ba da sinadarin ƙarfe, wanda da shi ake gina himogulobin mai ɗaukar oksijin a jini. 'Yan mata masu gudu sun fi bukatar kula da wannan saboda jinin al'ada.

Ruwa, Zafi Da Hunturu

Kusan kashi uku cikin huɗu na kuzarin da tsoka ke ƙonawa zafi yake zama, kuma gumi ne babbar hanyar fitar da shi. Ɗan gudu na iya zubar da gumi lita ɗaya zuwa biyu a sa'a guda. Hanya mafi sauƙi ta sanin abin da aka rasa ita ce hawa sikeli kafin gudu da bayansa, domin kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Launin fitsari ma ma'auni ne: idan ya yi duhu, jiki na neman ruwa. Sai dai a sha shi kaɗan-kaɗan a tsawon wuni. Ɗirkar ruwa fiye da kima a lokacin dogon tsere yana tsarma gishirin jini, kuma hakan kan kai ga suma ko mutuwa.

Akwai wani tarko da ke jiran ɗan arewa mai shirin zuwa Legas. Watannin shirinsa sun faɗo cikin hunturu, lokacin da iska ta bushe, gumi yana bushewa nan take ya sanyaya fata. Da rana kuma yana cikin ofis mai na'urar sanyaya ɗaki. A Legas kuwa iska cike take da laima, gumi yana tsiyaya ne kawai ba ya bushewa, zafi ya taru a jiki. Jiki yana iya sabawa da zafi cikin kwana 10 zuwa 14, inda ruwan jini ke ƙaruwa, gumi ya riƙa fitowa da wuri. Saboda haka muka tsara cewa a makonnin ƙarshe zai mayar da wasu gajerun gudunsa zuwa yammacin Asabar da Lahadi, kafin gari ya yi sanyi, a hankali kuma da ruwa a hannu. Ranar da ƙurar hunturu ta yi kauri kuwa, ya zauna gida.

Ciwon Ƙwauri Da Alamun Haɗari

Zuciya da huhu suna sabawa da atisaye cikin makonni, amma ƙashi da jijiyar agara suna bukatar watanni. Idan ana dukan ƙashi da gudu, jiki yakan fara rushe wurin da ya gaji kafin ya sake gina shi da ƙarfi. A tsakanin rushewar da ginin ƙashi yana da rauni, kuma idan aka ƙara masa kaya a wannan lokaci zai iya tsagewa. Ciwon da ya tsaya a wuri ɗaya a kan ƙashi, wanda za a iya nuna shi da ɗan yatsa, yake kuma ƙaruwa da gudu, na likita ne. Na tura yaron asibiti, aka yi sa'a nasa bai kai ga tsagewa ba.

Haka nan kada a yi gudu da zazzaɓi, ko na cizon sauro ne ko na mura. Ciwon ƙirji, ko jiri, ko suma a lokacin gudu, duk alamu ne na a tsaya a ga likita. Bugu da ƙari, kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rukunin jini na AS. Masu wannan rukuni suna wasanni lafiya lau, har su yi fice, amma tsananin gudu cikin zafi da ƙishirwa ya fi zama haɗari gare su. Ya kamata kowane malamin wasanni ya san rukunin jinin yaransa.

Akawun Da Ya Ci Tseren Boston

Ko akwai wanda ya taɓa tauna waɗannan taura biyu? Akwai. Yuki Kawauchi ma'aikacin gwamnati ne a lardin Saitama na ƙasar Japan, yana aiki a ofishin wata makarantar sakandare. Alhali gwanayen duniya suna atisaye sau biyu a rana ƙarƙashin masu horarwa, shi sau ɗaya yake yi, da safe kafin ya tafi aiki. A 2011 ya zo na uku a tseren Tokyo cikin sa'a 2 da minti 8 da daƙiƙa 37. A 2018, cikin ruwan sama da tsananin sanyi, ya lashe tseren Boston na Amurka, ɗan Japan na farko cikin maza da ya yi haka tun 1987. Sai a 2019 ya ajiye aikin ofis ya koma gudu kacokan. Darasin da ke cikin labarinsa shi ne ya yanka atisayensa daidai da lokacin da yake da shi, ya kuma dawwama a kai shekara da shekaru.

Tsarin Da Muka Yi

Abin da muka shirya da tsohon ɗalibina bai wuce abu biyar ba. Na ɗaya, ya rage gudunsa da kusan kashi ɗaya cikin uku har tsawon mako uku, sai ya saba da aiki sannan ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Na biyu, gudu kwana huɗu a mako bayan sallar asuba, mafi yawansa a hankali yadda zai iya hira yana gudu, dogon gudu kuwa sai ranar Asabar. Na uku, ya ajiye waya ya kwanta kafin ƙarfe goma. Na huɗu, ba ya fita gida sai ya karya. Na biyar, ya ƙirga bugun zuciyarsa kowace safiya kafin ya tashi daga shimfiɗa, ya rubuta. Ranar da ya ga ya haura abin da ya saba da bugu bakwai ko goma, ranar hutu ce. Na kuma ce ya nemi izinin kwanakin tafiya Legas tun da sauran wata biyu, kada ya bari sai ana gobe.

Malamai na iya gwada abu na biyar a aji. Kowane ɗalibi ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ya ƙirga bugu na daƙiƙa 30 ya ninka biyu. Sannan a zagaya fili sau ɗaya, a sake ƙirgawa nan take, da bayan minti ɗaya, da bayan minti uku. A zana sakamakon a allo, a kwatanta na 'yan wasa da na sauran. Saurin saukowar bugun zuciya bayan gudu yana daga cikin alamun horuwa.

Kammalawa

Yaron ya je Legas. Ƙarfinsa ya yanke bayan kilomita 32, ya haɗa da tafiya, ya kuma isa ƙarshe cikin sa'a huɗu da 'yan mintuna, ƙasa da burin da ya ɗauka tun farko, amma da ƙafafunsa lafiya. A wurin aiki gyangyaɗi ya ƙare, kuma da wata shida ya cika an ƙara masa wata uku, yana jiran abin da zai biyo baya. Mahaifinsa bai yi kuskure ba da ya ce taura biyu ba ta taunuwa. Abin da ilimin halittu ya ƙara a kai shi ne, idan an gutsura kowace daidai baki, aka kuma ba muƙamuƙi hutu, ana iya cinye su duka. Ɗalibin da ke fuskantar jarrabawa da gasar makarantu a zango ɗaya ya lissafa barcinsa da abincinsa kamar yadda yake lissafa zagayen fili, domin da su ne jiki ke biyan bashin da gudu ya ci.